Cire man lanolin daga kwanson harsashi

Cire man lanolin daga kwanson harsashi mataki ne a cikin aikin sake cika harsashi da hannu. Wannan aiki mafarauta da masu gasar harbi ne suka fi yin sa, musamman a Amurka, Kanada, Ostareliya da wasu ƙasashen Turai, inda suke tattara kwanson da aka riga aka harba, su gyara shi, su sake amfani da shi. Kafin a matse kwanso ya koma girmansa na asali sai an shafa masa mai, kuma lanolin yana cikin mayukan da aka fi amfani da su. Da zarar an gama matsewa man ba shi da sauran amfani, sai a nemi raba shi da tagullar. A nan wahalar take, domin halin da ya sa lanolin ya zama man shafawa mai kyau, wato mannewa da ƙin ruwa, shi ne kuma yake hana shi fita.

Lanolin

Lanolin maiƙo ne mai launin ruwan ɗorawa da fatar tumaki masu ulu take fitarwa don kare gashinsu daga ruwa da bushewa. An haɗa sunan daga kalmomin Latin guda biyu, lana mai nufin ulu, da oleum mai nufin mai. Sunan ya bazu ne bayan shekarar 1882, lokacin da Otto Braun da Oscar Liebreich suka yi rajistar hanyar tace shi a Jamus, ko da yake tun zamanin Girkawa ana amfani da maiƙon ulu a magani. Sunan yana ɗan ruɗarwa: a ilimin sinadarai lanolin ba dangin man gyaɗa ko kitsen dabba ba ne, ya fi kusa da kakin zuma. Yana narkewa tsakanin digiri 38 zuwa 44 a ma'aunin Salsiyas, wato kaɗan sama da ɗumin jikin mutum. Ba ya narkewa a ruwa, amma yana iya shanye ruwan da ya kai ninki biyu na nauyinsa ya zama kamar kirim.

A masana'antu ana samun sa ne lokacin wanke ulu: a jiƙa gashin da aka aske a ruwan zafi da sabulu, sannan injin mai juyawa da sauri ya ware maiƙon daga ruwan. Manyan ƙasashen ulu irin su Ostareliya, Sin da Niyu Zilan ne tushensa. Tumakin ƙasar Hausa, irin su Uda, Balami da 'Yankasa, masu gashi ne ba masu ulu ba, don haka ba a tatsar lanolin daga gare su; mutanen yankin sun fi haɗuwa da shi a cikin man shafawa da man gashi da ake shigowa da su.

Dalilin shafa wa kwanso mai

Yawancin kwanson harsashi da tagulla ake yin sa, haɗin kashi 70 cikin 100 na jan ƙarfe da kashi 30 na tutiya. Lokacin harbi, matsin iskar da albarushi ya haifar yana buɗa kwanson har ya manne da bangon mazauninsa a gindin bututun bindiga. Bayan matsin ya sauka tagullar takan ɗan koma, amma ba ta komawa daidai yadda take. Mai sake cikawa yakan tura kwanson da injin matsa cikin wani mazubi na ƙarfe mai siffar kwanson, don ya matse shi ya dawo ma'auni.

Kwanson ƙaramar bindiga, mai miƙaƙƙen jiki, ana iya matse shi ba mai idan mazubin yana da zoben kabaid a bakinsa. Kwanson doguwar bindiga kuwa, mai kafaɗa da wuya kamar kwalba, dole sai da mai. Idan aka tura shi a bushe yakan maƙale a cikin mazubin, leɓen gindinsa ya tsinke lokacin jawo shi, sai an huda gindin an zaro shi da wani kayan aiki na musamman. Idan kuma man ya yi yawa a kafaɗa, ba shi da hanyar fita, sai ya lotsa tagullar ya bar 'yan ramuka.

Ana sayar da mayuka iri-iri don wannan aiki. Man kamfanin Dillon lanolin ne da aka narkar a sifirit. Imperial, wanda kamfanin Redding yake sayarwa, kaki ne da ake shafawa da yatsa. Na RCBS mai suna Case Lube-2 da na kamfanin Lee suna fita da ruwa. Amma da yawa daga masu aikin suna haɗa nasu a gida: kashi ɗaya na lanolin mai ruwa-ruwa a cikin kashi 10 zuwa 12 na sifirit ɗin isofurofil mai ƙarfin kashi 99, a zuba a kwalbar feshi. Idan sifirit ɗin mai ruwa da yawa ne, kamar na kashi 70, lanolin ba ya haɗuwa da shi, sai ya kwanta a ƙasa. Ana fesa haɗin a kan kwanson a cikin leda ko kwali, a jujjuya, a bari sifirit ɗin ya bushe, ya bar siririn maiƙo a ko'ina. Araharsa da saurinsa ne suka sa ya karɓu wajen masu gyara ɗaruruwan kwanso a zama ɗaya. Amma feshi ba ya zaɓen wuri: man yana shiga cikin wuya, wani lokaci har cikin kwanson.

Dalilin cire shi

Babban dalilin da littattafan koyar da aikin suke kawowa shi ne riƙon da kwanso yake yi wa bangon mazauninsa. Ƙungiyar SAAMI, wadda aka kafa a Amurka a 1926 don tsara ma'aunin bindigogi da harsasai, ta sa iyakar matsin harsashin .308 Winchester a fam 62,000 a kan kowane inci murabba'i, na .223 Remington kuma fam 55,000. Wannan matsi yana tura kwanson gefe-gefe, yana kuma tura shi baya zuwa kan sakatar da ta rufe gindin bindigar. A kwanson .308, idan babu abin da ya riƙe shi, turin da zai sauka a kan sakatar zai haura nauyin tan 3. Busasshen kwanso yana kama bangon ya ɗauke wani ɓangare na turin. Mai maiƙo kuwa yana zamewa, sai kusan duka nauyin ya faɗa a kan sakatar.

Ba a yi ittifaƙi a kan girman wannan haɗari ba, kuma tarihin bindigogi ya ba kowane ɓangare abin kafa hujja. A tsohuwar hanyar gwajin matsi ta Birtaniya, da gangan ake shafa wa kwanso mai, don dukkan turin ya isa ga ma'aunin da ke bayansa. Wannan ya nuna cewa mai yana ƙara turin. A ɗaya gefen kuma, an ƙera bindigogin da ba sa aiki daidai sai da kwanso mai santsi. Bindiga mai sarrafa kanta ta Schwarzlose, ta daular Ostiriya da Hungari, tana da famfon da yake ɗiga wa kowane harsashi mai. Breda 30 ta Italiya ma haka take. Bindigar Pedersen, da sojojin Amurka suka gwada a ƙarshen shekarun 1920, harsasanta an lulluɓe su da busasshen kaki. Masu ganin an zuzuta haɗarin suna cewa sakatar bindiga mai kyau an ƙera ta ne ta ɗauki dukkan turin.

Labarin da aka fi ambata a wannan muhawara yana cikin littafin Hatcher's Notebook na Manjo Janar Julian Hatcher, wanda ya fito a 1947. Ya yi bayanin harsasan gasar ƙasa ta Amurka ta 1921, waɗanda aka lulluɓe kawunansu da kuza, da kuma al'adar da maharba suke da ita a lokacin ta tsoma kan harsashi a giris. Ya danganta hauhawar matsi da lalacewar bindiga da giris ɗin da yake taruwa a wuyan kwanso. Wasu daga baya sun ɗora laifin a kan kuzar, wadda take like kan harsashi da wuyan kwanso idan sun daɗe tare. Abin lura shi ne bindigogin da aka ambata a sama an tsara su ne don mai, da adadin da aka auna. Bindigar farauta ta yau ba a tsara ta haka ba, kuma maiƙon da ya rage bayan feshi ba daidai yake a kan kowane kwanso ba. Ko da bai fasa komai ba, yana sa harsashi ɗaya ya bambanta da na kusa da shi, abin da mai gasar harbi yake gudu.

Sauran dalilan ba su da gardama. Lanolin yana kama ƙura da yashi, waɗanda suke karce mazaunin harsashi. Yana taruwa a cikin bindiga ya haɗu da toka ya zama baƙin danƙo, a lokacin sanyi kuma ya daskare ya rage saurin sassan da suke motsi. Wanda ya shiga cikin wuya yana sa ƙwayoyin albarushi su manne a wurin maimakon su gangara ciki. Hannun mai aikin ma yakan yi maiƙo, ya kai shi kan firaima, wato ɗan ƙaramin murfin da ke gindin kwanso wanda yake tayar da wuta.

Gogewa da tsumma

Hanya mafi sauƙi ita ce a goge kowane kwanso da tsumman da aka ɗan jiƙa da sifirit. Ta dace da mai kwanso 20 ko 50. Ga masu yawa, akan shimfiɗa tsohon tawul, a zuba kwanson, a fesa sifirit, a kama gefe biyu na tawul ɗin ana ɗaga wannan ana sauke wancan har su goge junansu. Bayan kwanson yana fita, amma cikin wuya ba ya samun komai.

Injin girgiza

Wannan kwano ne da mota take girgizawa, a cika shi da niƙaƙƙiyar totuwar masara ko niƙaƙƙen ɓawon gyaɗar walnat. Totuwa ta fi shan maiƙo, ɓawon walnat ya fi kankare datti, shi ya sa aka fi zaɓar totuwa a wannan mataki. Ba a buƙatar awanni kamar lokacin goge kwanso ya yi ƙyalli. Minti 15 zuwa 30 sukan isa. Wasu suna ɗiga ɗan tina na fenti a cikin totuwar don ya sassauta maiƙon.

Aibinta biyu ne. Totuwar ba ta kawar da lanolin, ajiye shi take yi a jikinta, don haka bayan 'yan zagaye takan ƙoshi ta fara mayar da shi kan kwanson. Masu aikin da yawa sukan ware totuwa dabam don cire mai kawai. Na biyu, ƙwayoyinta suna toshe 'yar hudar da wuta take bi daga firaima zuwa albarushi, sai an duba kowane kwanso an tsokale ta.

Wanki da ruwa da sabulu

A nan ne aka fi samun kuskure, domin mutum yakan ɗauka abin da ya wanke kwanon miya zai wanke lanolin. A ruwan sanyi lanolin yana nan a daskare, sabulu ba ya iya raba shi. Abin da yake faruwa, musamman a injin juyi mai amfani da ƙananan sandunan ƙarfe marasa tsatsa, shi ne maiƙon ya haɗu da tokar da ta fito daga cikin kwanson, ya shafe komai da wani launi mai duhu, har da sandunan da bangon gangar. Kwanson yakan fito ya fi yadda ya shiga muni, yana danƙo a hannu.

Maganin shi ne a bi hanyar masu wanke ulu. Ruwan ya yi zafi sosai sama da inda lanolin yake narkewa, sabulun ruwa na wanke-wanke kuma ya wadata, fiye da yadda ake sa wa kwanson da ba shi da mai. Alamar da ake dubawa ita ce kumfa: idan an buɗe gangar ba a ga kumfa ba, maiƙon ya cinye sabulun, sai a zubar a sake. Ɗauraya ma da ruwan zafi ake yi, domin ruwan sanyi yana daskarar da sauran maiƙon ya koma ya kwanta a kan tagullar. Da yawa sukan fara wanke kwanson a bokiti, su zubar da ruwan farko mai ɗauke da yawancin man, kafin su sa shi a injin. Akwai masu amfani da sabulun wankin kayan ulu irin su Woolite. Ana kuma ƙara ɗan garin asid ɗin sitirik, wato sinadarin tsamin lemo, amma aikinsa haskaka tagulla da tausasa ruwa mai gishiri-gishiri ne. Ba ya narkar da lanolin, kuma ƙara shi ba ya maye gurbin zafi da sabulu.

Injin wanki mai amfani da sauti mai ƙarfi, irin na masu gyaran agogo da kayan ado, shi ma yana aiki idan yana ɗumama ruwan, sai dai kwanso kaɗan yake ɗauka.

Narkarwa da sinadari

Tunda sifirit ne ya kawo lanolin kan kwanson, sifirit yana iya ɗauke shi. Ana zuba kwanson a gwangwani mai murfi, a rufe su da isofurofil mai ƙarfi, ko asiton, ko tina, a girgiza na ɗan lokaci, a tace. Wannan hanya tana kaiwa har cikin wuya, kuma kwanson yana bushewa da sauri. Sai dai sinadarin yana ƙara ɗaukar maiƙo a kowane amfani, har ya zama shi kansa man feshi ne mai rauni. Saboda haka akan yi wanka biyu, na farko a tsohon sinadari, na biyu a sabo. Duk waɗannan sinadarai suna kama wuta, tururinsu kuma yana cutarwa a rufaffen ɗaki, kuma ɗakin da ake wannan aiki galibi akwai albarushi a cikinsa. Fetur yana narkar da lanolin, amma haɗarin gobararsa ya fi amfaninsa nesa ba kusa ba.

Abubuwan da suke lalata tagulla

Wasu hanyoyin tsabtacewa sun fi maiƙon da ake son cirewa illa. Na farko shi ne amoniya. Sojojin Birtaniya a Indiya sun lura kwanson harsasansu yana tsagewa da kansa bayan damina, har suka sa wa abin suna tsagewar yanayi. Sai a 1921 aka gano dalili: a lokacin ruwan sama ana ajiye harsasan a bargar dawakai, amoniyar da ke tashi daga fitsarin dawakan kuma tana kama tagullar da ta riga ta ɗauki gajiya wajen ƙira. Kwanson da aka sake matsewa yana ɗauke da irin wannan gajiya a wuyansa. Don haka ake guje wa man goge ƙarfe mai amoniya, irin su Brasso, da ruwan goge gilashi mai ɗauke da ita. Tsagewar ba ta bayyana nan take, tana iya ɗaukar watanni.

Na biyu shi ne yawan tsami. Idan asid ɗin sitirik ko ruwan khal ya yi yawa, ko kwanson ya daɗe a ciki, yana zuƙe tutiya daga saman tagullar ya bar jan ƙarfe, sai kwanson ya koma ruwan hoda. Sabulai masu kaifi na wanke inji su kuma sukan baƙanta shi.

Na uku zafi ne wajen busarwa. Kwanson da aka wanke dole ya bushe sarai, har cikin ramin firaima, domin ɗigon ruwa ɗaya yana iya kashe albarushi ko firaima. Ana shanya shi a rana, ko a injin busar da 'ya'yan itace, ko a tanda mai ƙaramin zafi da bai wuce na tafasar ruwa ba. Tagulla tana fara laushi idan zafi ya kai wajen digiri 250. Masu aikin suna gasa wuyan kwanso da gangan don ya yi laushi, amma gindin dole ya zauna da taurinsa, domin shi ne yake tare matsin. Kwanson da aka manta a tanda mai zafi har gindinsa ya yi laushi ba ya gyaruwa, zubar da shi ake yi.

Harsashin da aka riga aka cika

Masu amfani da injin da yake yin dukkan matakai a jere suna fuskantar wata matsala: kwanso yana shiga da mai, ya fito cikakken harsashi da man a jikinsa. Ba a wanke irin wannan da ruwa, ba a kuma tsoma shi a sinadari, domin yana iya ratsawa ya isa ga firaima. Abin da ya rage shi ne tsumma, ko ɗan gajeren lokaci a injin girgiza. Wannan na biyun ana jayayya a kansa. Wasu masu ƙera injinan suna gargaɗi a kai, bisa tsoron girgiza ta farfasa ƙwayoyin albarushi ko ta goge rufin da yake daidaita saurin ƙonewarsu. Masu yin sa kuma suna cewa harsashi yana shan girgizar da ta fi wannan a cikin mota. Hanyar da ta kauce wa gardamar ita ce a raba aikin gida biyu: a matse kwanson, a cire man, sannan a dawo a cika.

Lafiya

Yawancin firaima suna ɗauke da sinadarin dalma, kuma tokarsa tana zama a cikin kwanson da aka harba. Ƙurar da take tashi lokacin tace totuwa da baƙin ruwan da yake fitowa daga injin juyi duk suna ɗauke da ita. Maiƙon lanolin yana sa wannan toka ta manne a hannu. Ana shawartar a tace totuwa a waje, a sa safar hannu, a wanke hannu kafin cin abinci, kada kuma a mayar da bokiti, rariya ko tiren da aka yi aikin da su zuwa kicin. Yara ƙanana sun fi kowa saurin cutuwa da dalma. Wasu mutane kuma fatarsu ba ta jure lanolin, yana sa musu ƙaiƙayi da ƙuraje.

Doka

A Amurka dokar tarayya ta bar mutum ya sake cika harsashi don amfanin kansa ba tare da lasisi ba, amma ƙerawa don sayarwa sai da lasisin tarayya. A Jamus sai mutum ya yi kwas ya sami izini a ƙarƙashin dokar abubuwa masu fashewa kafin ya sayi albarushi. A Najeriya, Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana ɗaiɗaikun mutane ƙera ko haɗa harsashi, ta keɓe aikin ga wuraren da gwamnati ta amince da su, irin su kamfanin DICON da aka kafa a Kaduna a 1964.